TARIHIN 'YAR ƘWAƘWALWA: YADDA ILMIN HAƊA KWAMFUTA DA GYARANTA YA ISA GA ƊALIBI

Gabatarwa

Galibin masu ba da tarihin kwamfuta sukan mai da hankalinsu ga mutanen da suka ƙago ta da kamfanonin da suka yi arziki da ita. Ba kasafai akan tsaya a bincika yadda ɗalibi ko mai sana'ar hannu ya sami hanyar sanin abin da ke cikinta ba, har ya iya haɗa tasa ko ya gyara wadda ta lalace. Wannan shi ne abin da maƙalar nan za ta bi diddiginsa. Za mu ga cewa ilmin nan ya yaɗu ne a lokutan da kaya suka yi araha, aka kuma buga takardun da ke bayyana cikinsu, sa'an nan aka bar mai koyo ya kwance ya ɗaura. Duk lokacin da aka rasa ɗaya daga cikin ukun nan kuwa, sai ilmin ya koma hannun 'yan tsiraru.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita a kan suna. Abin da Turawa ke kira maikurofurosesa, mu a nan za mu kira shi 'yar ƙwaƙwalwa. Wani ɗan guntun silikon ne wanda galibi bai wuce faɗin farcen yatsa ba. Aikinsa guda ne: ya ɗauko umarni daga ma'ajiya, ya fassara shi, ya aikata, sa'an nan ya koma ya ɗauko na gaba. Ita ce ke cikin kwamfuta da wayar hannu da injin mota, har da mitar wuta ta zamani.

Zamanin Bawul Da Manyan Ɗakuna

A shekarar 1946 aka nuna wa jama'a wata kwamfuta mai suna ENIAC a Jami'ar Fensilbaniya ta ƙasar Amurka. John Mauchly da Presper Eckert ne suka jagoranci gina ta. Tana da bawul wajen 18,000, irin ƙwayayen gilashin nan da ke cikin rediyon da, nauyinta kuwa ya kai wajen tan 30. Shi bawul yana zafi, yana kuma ƙonewa kamar ƙwan fitila, saboda haka gyara ya zama aikin yau da kullum. Mata shida ne aka fara ɗora wa aikin tsara mata lissafi, ta hanyar sauya wayoyi da murɗa makunnai. Ba su sami wani littafin koyo ba, domin babu shi. Taswirar wayoyin injin aka ba su suka yi ta nazari, har suka kai ga iya gano ainihin bawul ɗin da ya mutu a cikin dubbai. Tun daga nan mai karatu zai lura da darajar taswira ga mai koyo.

Da kwamfuta ta shiga kasuwa a shekarun 1950, sai ilmin cikinta ya zama na kamfani. IBM, wanda ya fi kowa ƙarfi a wannan fage, haya yake ba da injinansa, in kuma sun sami matsala shi zai aiko da nasa injiniyan da ya horar. Mai haya ba shi da ikon buɗe murfi. Sai a 1956, bayan ƙarar da gwamnatin Amurka ta shigar, kamfanin ya amince zai riƙa sayar da injinan, ya kuma sayar da kayan gyara da littattafan bayani ga masu gyara na waje. Duk da haka, injin da kuɗinsa ya kai dubban ɗaruruwan daloli ba abin da za a miƙa wa ɗalibi ba ne ya gwada hannunsa.

A gefe guda kuma masana suna ta ƙoƙarin ƙanƙanta kayan. A 1947 aka ƙago turansista a ɗakin binciken kamfanin Bell, ta maye gurbin bawul, ba ta zafi sosai, ba ta kuma saurin mutuwa. A 1958 Jack Kilby na kamfanin Texas Instruments, da Robert Noyce na Fairchild a 1959, suka gano yadda za a dasa turansista da yawa a kan guntun abu guda. Wannan shi ne abin da masu gyaran rediyo ke kira aisi.

Haihuwar 'Yar Ƙwaƙwalwa

A 1969 wani kamfanin Japan mai ƙera na'urar lissafi, Busicom, ya nemi Intel ya yi masa aisi iri goma sha biyu, kowanne da nasa aiki. A lokacin shekarar Intel ɗaya tak da kafuwa, ba shi da isassun ma'aikatan da za su iya wannan jan aiki. Sai wani injiniyansa, Ted Hoff, ya kawo shawarar a rage su zuwa huɗu, ɗaya daga ciki ya zama mai bin umarni kawai, watau duk abin da aka rubuta masa shi zai yi. Stanley Mazor ya taimaka wajen tsarin, Federico Faggin, mutumin Italiya, ya jagoranci zana shi a kan silikon, tare da Masatoshi Shima wanda Busicom ya aiko. A watan Nuwamba na 1971 aka tallata shi da sunan Intel 4004, yana ɗauke da turansista 2,300. Intel ya mayar wa Busicom dala 60,000 domin ya sami ikon sayar da shi ga kowa.

Muhimmancin wannan abu ga mai koyo shi ne ya sauya yanayin sana'ar baki ɗaya. A da, duk injin da za a yi sai an zana masa wayoyinsa na musamman, in ana son ya yi wani aiki dabam sai an warware an sake. Yanzu kuwa aisi guda zai iya tafiyar da sikeli yau, gobe ya tafiyar da fitilun ba da hannu a kan titi, abin da za a sauya kawai shi ne jerin umarnin da ke cikin ma'ajiya. Saboda haka injiniya ya zama tilas ya iya hannu biyu, haɗa kaya da kuma rubuta umarni. Injiniyoyin da suka ƙware a zamanin turansista sai suka wayi gari su ma 'yan koyo ne.

Abin Da Ake Koyo

Domin mai karatu ya gane nauyin karatun, bari mu ɗauki Intel 8085, wadda ta fito a 1976, ta kuma daɗe tana zama abin koyarwa a kwalejoji. Ita kaɗai ba ta iya kome, sai an haɗa ta da abu uku. Na farko ma'ajiyar dindindin, wadda ba ta mantuwa ko an ɗauke wuta, a nan ake ajiye umarnin farko. Na biyu ma'ajiyar wucin gadi, inda ake rubutu da gogewa yayin aiki. Na uku ƙofofin shiga da fita, waɗanda ke sada ta da maɓallai da fitilu da injina.

Hanyoyi iri uku ne ke haɗa waɗannan sassa. Akwai layukan adireshi guda 16, waɗanda da su take kiran gurbin da take so, kuma da layi 16 za a iya kiran gurbi 65,536. Akwai layukan bayani guda 8, inda saƙon kansa ke bi. Akwai kuma layukan iko, masu faɗin ko karatu za a yi ko rubutu. Babban aikin mai tsarawa shi ne rabon adireshi, watau ya tabbatar da cewa in an kira gurbi, sashe ɗaya ne kawai zai amsa. In biyu suka amsa tare, saƙo ya dagule, kamar mutum biyu masu suna ɗaya a aji. Wani abin da ke ba ɗalibai wuya kuma shi ne ƙafafu 40 kaɗai 8085 take da su, don haka ƙafafu takwas suna aiki biyu: da fari su ɗauki rabin adireshi, jim kaɗan su ɗauki bayani. Dole mai tsarawa ya sa wani ƙaramin aisi da zai riƙe adireshin kafin ya gushe. Duk wannan kai-da-kawo kuwa yana tafiya ne bisa bugun wani agogo na lantarki mai bugawa sau miliyoyi a daƙiƙa.

Araha Da Allunan Koyo

Ilmi irin wannan ba ya zama a kai ta hanyar karatu kawai, da koyo akan iya. Matsalar farko ita ce tsada. Intel 8080 ta 1974 dala 360 ake sayar da ita. A watan Janairu na 1975 mujallar Popular Electronics ta buga hoton wata kwamfuta mai suna Altair 8800 a bangonta, wadda ake sayarwa a warwatse a kan dala 397, mai saye ya haɗa da kansa da dalma. Ba ta da allon kallo, ba ta da maɓallan rubutu, sai makunnai da 'yan fitilu, amma dubban mutane suka aika da kuɗinsu. A watan Maris na wannan shekara wasu masu sha'awa suka kafa ƙungiyar Homebrew a jihar Kaliforniya, inda suke taruwa suna musayar taswira da dabaru kyauta. Steve Wozniak, wanda ya zana kwamfutar Apple ta farko a 1976, ɗan wannan ƙungiya ne.

Wanda ya karya farashi shi ne Chuck Peddle da abokan aikinsa na kamfanin MOS Technology. A watan Satumba na 1975 suka fito da 6502 a kan dala 25. A 1976 kuma suka fito da wani allon koyo mai suna KIM-1 a kan dala 245, mai gurbin ajiya 1,024, da 'yan maɓallai, da fuskar nuna lamba shida, haɗe da littattafai da cikakkiyar taswira. An yi shi ne domin injiniyoyi su saba da 6502, sai ga ɗalibai da masu sha'awa sun yi masa caa. Sauran ƙasashe ma ba su zauna ba. A Japan kamfanin NEC ya fito da TK-80 a 1976, ya kuma buɗe wani shago a unguwar Akihabara ta birnin Tokiyo inda masu saye ke zuwa da tambayoyinsu. A Ingila aka sami MK14 a kan fam 39.95. A Taiwan kamfanin Multitech, wanda daga baya ya koma Acer, ya fito da Micro-Professor a 1981, cikin wani kwali mai kama da littafi, yana aiki da Z80 wadda Faggin da Shima suka zana a 1976. A Indiya allon 8085 da littafin Ramesh Gaonkar na 1984 suka zama abokan tafiyar ɗaliban injiniya shekara da shekaru.

Ga yadda karatun yake a kan irin waɗannan alluna. Ɗalibi zai rubuta umarninsa a takarda, ya duba jadawali ya mai da kowane umarni lamba, cikin ƙirga mai tushe goma sha shida, wadda ke amfani da 0 zuwa 9 da kuma A zuwa F. Misali, a kan 8085, in ya danna 3E 05 C6 03 76, ya ce mata ke nan: ɗauki biyar, ƙara uku, tsaya. In ya duba ya ga takwas, to, ya yi daidai. Aiki ne mai cin rai, amma wanda ya yi shi ba ya sake ɗaukar kwamfuta a matsayin abin tsafi, domin ya ga kowane taki da take yi da idonsa, gani kuwa ya kori ji.

Labarin Sophie Wilson ya isa shaida a kan amfanin wannan hanya. Tana ɗaliba a Jami'ar Kambirij ta yi amfani da 6502 ta zana na'urar da ke raba wa shanu abinci. Daga wannan tsari aka sami kwamfutar farko ta kamfanin Acorn a 1979. A 1981 ita da Steve Furber suna cikin waɗanda suka zana BBC Micro, wadda gidan rediyo da talabijin na BBC ya zaɓa domin shirinsa na wayar da kan jama'a, ta kuma cika makarantun Ingila. A 1985 su biyun suka fito da tasu 'yar ƙwaƙwalwa, ARM, mai turansista wajen 25,000. Zuriyar wannan tsari ce ke cikin kusan kowace wayar hannu a yau.

Takardun Da Suka Buɗe Ciki

Araha kaɗai ba ta isa ba in babu bayani. Kwamfutar Apple II ta 1977 tana da murfin da ake ɗagawa da hannu, littafinta kuma yana ɗauke da taswirar wayoyi da jerin umarnin da ke cikin ma'ajiyar dindindin. Abin mamaki shi ne, IBM ɗin nan da a da ba ya barin a buɗe murfi, shi ma ya bi sahu. Da ya fito da ƙaramar kwamfutarsa a watan Agusta na 1981, mai aiki da Intel 8088, ya haɗa ta ne da kayan da kowa ke iya saye a kasuwa, ya kuma buga littafin da ke nuna taswirarta da umarnin da take tashi da shi. Nan da nan wasu kamfanoni suka shiga ƙera allunan da ake cusawa a cikinta, Compaq kuma ya fito da mai kama da ita a 1983. IBM ya yi asarar rinjayensa a kasuwa sannu a hankali, amma masu koyo sun ci riba, domin wanda ya iya gyaran guda ɗaya ya iya na ɗaruruwan kamfanoni.

Yadda Sana'ar Gyara Ta Sauya

Mai gyaran rediyo yana bin sauti ne daga eriya har zuwa lasifika, inda ya ɓace nan cutar take. Wannan dabara ba ta ci a kan kwamfuta, domin dukan sassa a kan layuka ɗaya suke. In aisi guda ya lalace ya riƙe layi ɗaya, sai 'yar ƙwaƙwalwa ta karanta umarnin banza, ta kama hanyar da ba ita ba, kome ya rikice a lokaci guda. Saboda haka aka fito da tsarin bincike na bi-da-bi. A fara da auna wuta, sa'an nan a duba ko agogo na bugawa, a duba layin da ke tayar da ita daga farko, kana a waiwayi layukan adireshi da na bayani.

Akwai wata dabara mai ban sha'awa ta wancan zamani. Sai a raba 'yar ƙwaƙwalwa da ma'ajiya, a tilasta mata karanta umarnin da ke cewa kada ta yi kome, wanda lambarsa 00 ce a kan 8085 da Z80. Sai ta yi ta ƙirga adireshi daga farko har ƙarshe, ta sake komowa. A wannan hali kowane layin adireshi yana bugawa ne da rabin saurin wanda ke gabansa, don haka duk layin da ya saɓa, a nan matsalar take. A 1977 kamfanin Hewlett-Packard ya fito da na'urar da ke taƙaita dogon saƙon da ke bin layi zuwa alama huɗu, mai gyara ya gwada su da waɗanda aka buga a littafi. Ita kuwa kwamfutar IBM, da zarar an kunna ta takan binciki kanta, in ta ga aibi ta sanar da ƙara ko da lamba.

Daga shekarun 1980 sai kayan suka daɗa ƙanƙancewa. Aka koma manna su a fuskar allo maimakon zura ƙafafunsu cikin huji, daga baya ma ƙafafun suka koma ƙarƙashin aisi inda ido ba ya gani. Alluna suka yi araha, ladan ma'aikaci a ƙasashen Turai da Amurka ya yi tsada, sai gyara ya koma cire allo a sa sabo. Shahararriyar jarrabawar masu gyara ta A+, wadda ƙungiyar CompTIA ta fara a 1993, ta fi karkata ga gano sashen da ya lalace da sauya shi. Aikin dalma a kan allo ya fi wanzuwa ne a wuraren da sabon kaya ke da tsada. Tun da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, kasuwanni irin su Farm Centre a Kano da Computer Village a Ikeja sun cika da matasa masu wannan aiki, waɗanda galibinsu a gaban maigida suka koya, kamar yadda ake koyon ƙira ko dukanci.

Rufewar Ƙofa Da Ƙoƙarin Sake Buɗe Ta

Tun a 1984 aka ga alamar juyawar al'amari, lokacin da Apple ya fito da Macintosh a rufe, ba gurbin ƙara allo, ba a kuma buɗe ta sai da wani dogon sukudireba na musamman. Da tafiya ta yi tafiya, sai manne batir da gam, da hana taswira, da kulle kayan gyara da lambar sirri suka zama ruwan dare. Yara suka tashi da na'urori masu ƙarfin gaske waɗanda ba su taɓa ganin cikinsu ba. A Kambirij, Eben Upton da abokan aikinsa suka lura masu neman karatun kwamfuta suna raguwa, waɗanda ke zuwa kuma ba su da ƙwarewar 'yan zamanin BBC Micro. Maganin da suka kawo shi ne Raspberry Pi, ɗan allo mai dala 35, wanda ya fito a 2012. Kafin nan, a 2005, Massimo Banzi da abokansa a garin Ibireya na Italiya sun fito da Arduino domin ɗalibansu, suka saki taswirarsa ga duk mai so. In an lura, dabarar KIM-1 ce aka sake farfaɗowa bayan shekara talatin.

Ta fuskar gyara kuwa, maganar ta kai gaban hukuma. A 2021 Faransa ta wajabta a riƙa lika wa wayoyi da kwamfutoci maki bisa goma, mai nuna sauƙin gyaransu. A ƙarshen 2022 jihar Niyu Yok ta sa hannu a dokar da ta tilasta wa kamfanoni ba da kayan gyara da littattafai ga masu gyara na waje, Tarayyar Turai ma ta zartar da tata a 2024. Watau abin da aka nema daga IBM a 1956, shi ake nema daga kamfanonin yau.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga yadda ilmin nan ya taso daga ɗakin ENIAC, ya shiga ƙuryar kamfani, ya fito ta hanyar alluna masu araha da littattafai masu taswira, sa'an nan ya sake fuskantar kulle. A 2024 kamfanin Zilog ya ba da sanarwar daina ƙera Z80 ta asali, bayan shekara 48 tana aiki. Kayan sun tsufa, amma darasin rabon adireshi da bugun agogo da binciken bi-da-bi yana nan daram a cikin sababbin. Ga ƙasar da ke sayen kusan dukan na'urorinta daga waje, wannan tarihi yana da gargaɗi. Ɗakin kwamfuta da aka cika da injina masu tsada, aka kuma hana ɗalibi taɓa sukurunsu, masu amfani kawai zai yaye. Wilson da Wozniak ba su fara da irin wannan ɗaki ba. Sun fara ne da aisi mai 'yan daloli, da taswira, da ƙarfen narka dalma, da kuma damar ɓatawa su sake. Ya rage ga malamanmu da hukumomin makarantunmu su duba wanne daga cikin biyun suke tanadar wa ɗalibai.